JIJJIGAR MAI CIKI: A DAINA ƊORA WA ISKOKI LAIFINMU

A wani gidan haya da na taɓa zama a Agege akwai wani bawan Allah mai sayar da goro, mutumin kirki, wanda ba a san shi da rowa ba. Amaryarsa yarinya ce da ba ta cika shekara 18 ba, tana ɗauke da cikin fari wata 8. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga, matan gida suka ce alamar tagwaye ce. Fuska ta kumbura, suka ce ciki ne ya karɓe ta. Ta yi kukan kanta yana sarawa, tana ganin walƙiya-walƙiya a ido, maigidan ya aika aka sayo mata ƙwayoyi a kemis. Wata rana bayan sallar lisha sai ta faɗi tana jijjiga, ta taune harshenta. Nan take aka yanke hukunci cewa iska ce. Aka kawo garwashi aka yi hayaƙi, aka cusa mata cokali a baki, aka ɗura mata rubutu. Sai da gari ya waye sa'an nan aka nemi mota.

Tambayar farko da nas ta yi mana ita ce, yaushe rabonta da fitsari? Da mijin da matan gida da mu maƙwabta, babu wanda ya sani. Ɗan bai zo da rai ba. Uwar ta rayu bayan an yi mata wankin ƙoda, amma ta fito da ɓarin jiki ɗaya a shanye, magana kuma ba ta fita sosai. Ina cikin mazan da suka tsaya a tsakar gida a daren nan suna ta faɗin Allah ya sawwaƙe, kuma ban buɗe baki na ce a tafi asibiti ba. Saboda haka abin da zan faɗa a nan da ni da ku duka ya shafa.

Maganata ɗaya ce. Mai ciki ko mai jego da ta kama jijjiga, ko ta rikice tana sambatu, ko ganinta ya ɗauke, mafi yawan lokaci jininta ne ya hau, ƙodarta ta taɓu, ɓarnar kuma ta kai ga ƙwaƙwalwa. Ciwo ne da likitoci suka sani, yana da magani mai araha, kuma kowace sa'a da aka ɓata a tsakar gida tana cin wani abu daga rayuwar matar ko daga hankalinta. Mu mazan da ke riƙe da kuɗi da izinin fita, mu ne muke ɓata waɗannan sa'o'i.

ABIN DA ƘODA TAKE YI

Bari mu fara da ƙodar kanta, tun da yawancinmu a wurin mahauta kaɗai muka san ta. Guda biyu ce a bayan ciki, kowacce ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma a cikin kowacce akwai 'yan matatai ƙanana wajen miliyan ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa ta nan yake bi. A yini da kwana ƙodar baligi tana tace ruwan jini wajen lita 180, watau jarka 7 mai cin lita 25, kamar yadda 'yan'uwanmu 'yan garuwa za su lissafa. Mafi yawansa tana mayar wa jiki, ta fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka a matsayin fitsari, tare da dattin jini da gishirin da ya yi yawa. Har wa yau ita ce ke daidaita ƙarfin bugun jini.

Idan mace ta sami ciki, jinin jikinta yakan ƙaru da kusan rabi, aikin tacewar ƙoda shi ma ya ƙaru da kusan rabi, domin yanzu dattin mutum biyu take kwashewa. To, jama'a, wanda ya riga ya ɗauki kaya iyakar ƙarfinsa, ɗan tuntuɓe kaɗan ya isa ya kayar da shi.

Hanyoyin da ciki ke raunata ƙoda sanannu ne. Na farko hawan jinin masu ciki, wanda ke tasowa bayan mako 20, tushensa kuwa daga mabiyiya ne da ba ta kafu daidai ba a jikin mahaifa. Tana sakin wasu sinadarai da ke lalata fatar cikin jijiyoyin jini a duk jiki, matatan ƙoda su kumbura su fara yoyon furotin cikin fitsari. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90 ga kuma furotin a fitsari, ciwon ya kama. Idan ya kai 160 bisa 110, an shiga haɗari. Na biyu zubar jini, kafin haihuwa ko bayanta. Jinin da ya kai rabin lita, watau cikin ledar fiya-wata ɗaya, a wurin likitoci ya riga ya zama zubar jini, ƙoda kuwa idan jini ya daina isa gare ta sai ta fara mutuwa. Na uku ƙwayoyin cuta da ke shiga jini bayan doguwar naƙuda, ko haihuwa a wuri mara tsabta, ko ɓarin da ba a wanke ba. Na huɗu aman laulayi mai tsanani da ke ƙarar da ruwan jiki.

DAGA ƘODA ZUWA ƘWAƘWALWA

Mai karatu zai ce, ina ruwan ƙoda da ke can ƙasa da ƙwaƙwalwar da ke cikin ƙoƙon kai? Jini ne ya haɗa su. Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa wani shinge a jikin jijiyoyinta wanda ke hana ruwa da datti tsallakawa cikinta, jijiyoyin kuma suna iya tsukewa su buɗe da kansu don kada ƙarfin jini ya yi mata yawa. Idan ƙoda ta kasa fitar da ruwa da gishiri, jini ya ƙara hawa a kan hawan da yake yi, sai ƙarfin ya rinjayi jijiyoyin, shingen ya fara yoyo, ruwa ya shiga naman ƙwaƙwalwa ya kumbura. Kumburin ya fi kama ƙeya, inda sashen gani yake. Abin da ya sa ke nan matar take ganin walƙiya, ko dishi-dishi, ko ma ta makance na ɗan lokaci alhali idanunta lafiya lau suke. Wasu likitoci a Amurka sun bayyana wannan kumburi na ƙeya dalla-dalla a shekarar 1996, suka nuna cewa yana sacewa idan an sauke jinin da wuri. Idan aka bar shi sai jijjiga ta biyo baya. Idan jijjiga ta yi ta maimaituwa, jijiya tana iya fashewa jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa, daga nan sai shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa.

Hanya ta biyu ita ce ta guba. Dattin da ya kamata ya fita da fitsari, irin su yuriya, yakan taru a jini ya dinga zagayawa ta cikin ƙwaƙwalwa. Matar ta fara yawan barci, ta kasa gane mutane, ta yi ta shaƙuwa da amai, gaɓoɓinta su riƙa zabura, ta yi maganar da ba ta da kai, a ƙarshe ta suma. Ku duba waɗannan alamu da kyau, jama'a. Ashe ba su ne daidai abin da muke kira bugun iska ba? A lokaci guda kuma gishirin fotashiyam yana taruwa, shi kuwa yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya.

Ga ma'aunin da ko wanda bai shiga aji ba zai iya riƙewa. Mai lafiya tana yin fitsarin da ya kai cokali biyu na cin abinci a kowace sa'a, ko fiye. Macen da fitsarinta na yini da kwana bai cika ledar fiya-wata ɗaya ba, ƙodarta tana neman agaji. Kunya ce ta hana mu yin wannan tambaya a Agege, kunyar nan kuwa ta jawo mana asarar ɗa da rabin jikin uwarsa.

UZURORINMU

Yanzu bari mu ɗauki uzurorin da muke fakewa da su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, wai iska ce. Ba na jayayya da kowa a kan abin da ya yi imani da shi, kuma ban ce a bar addu'a ba. A yi ta a cikin mota, a yi ta a bakin ɗakin haihuwa. Tambayata ita ce, wace irin iska ce wannan da ke sa awon jini ya kai 180, ta sa furotin cikin fitsari, sa'an nan ta gudu da zarar an yi allura? Allurar nan sunanta maganiziyam salfet. A shekarar 1995 wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa ya nuna ta fi magungunan da ake amfani da su a da wajen hana jijjiga dawowa. A 2002 aka buga sakamakon wani gwajin da ya haɗa mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, aka ga ta rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Kada wani ya ce wannan zancen Turai ne. A Jihar Kano, da aka shigar da ita manyan asibitoci 10 daga shekarar 2008, mutuwar matan da aka kawo da wannan ciwo ta sauko daga wajen 21 cikin 100 zuwa ƙasa da 3 cikin 100. Amma fa ita kanta allurar ta ƙoda take fita daga jiki, saboda haka idan ƙoda ta raunana tilas a rage ta a kuma sa ido a kan numfashi da fitsari. Aikin asibiti ne, ba na mai kemis ba.

Na biyu, wai ƙaddara ce. Kowa ya san rai da ajali na Allah ne. Amma mutumin da ke faɗin haka a kan matarsa, idan motarsa ta ɗauko shanu daga Maigatari ta fara zafi a hanyar Jebba, ba ya zama ya ce ƙaddara ce, makanike yake nema ko da tsakar dare. Farfesa Kelsey Harrison, ɗan Kudu mutumin Abonnema wanda ya yi aiki a Zariya, ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitocin can daga 1976 zuwa 1979, ya buga sakamakon a 1985. Abin da ya gano shi ne mafi yawan matan da suka mutu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Shekara 40 ke nan da wannan bayani. Ina dalilin da zai sa har yanzu mu ce ba mu sani ba?

Na uku, wai asibitocin Kudu suna wulaƙanta matanmu, ba a jin harshensu, likita kuma namiji ne. A cikin wannan akwai gaskiya, kuma ba zan ɓoye ta ba. Akwai ma'aikatan da ke daka wa baƙuwa tsawa don ba ta jin Turanci ko Yarabanci ko Ibo. Amma maganin wannan shi ne a haɗa ta da 'yar rakiya mai jin harshe, mijin kuma ya bar rumfa na rabin yini ya bi ta. Wanda ya hana matarsa awo don gudun tsawar nas, ranar da ta faɗi zai kai ta wurin nas ɗin nan dai, a sume, ba ta ma san wanda ke kanta ba.

Na huɗu, goyon ciki. Al'adarmu ce mai cikin fari ta koma gaban iyayenta ta haihu, kuma al'ada ce mai kyau a inda asibiti yake kusa. Amma mu da ke Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, me muke yi? Mukan ɗauki yarinya mai cikin wata 8 mai kumburarrun ƙafafu, ba tare da an auna jininta ko sau ɗaya ba, mu ɗora ta a mota ta yi tafiyar yini da kwana, mu sauke ta a ƙauyen da asibiti mafi kusa yake da nisan sa'o'i, sa'an nan mu dawo kasuwa muna jiran albishir. Cikin fari kuwa, musamman ga ƙaramar yarinya, yana cikin waɗanda wannan ciwo ya fi kamawa, haka ma cikin tagwaye, da cikin mace mai shekaru da yawa, da mai ciwon sukari ko tsohon hawan jini. Idan lalle sai ta tafi, a auna ta tukuna, ta tafi da katinta, a kuma san asibitin da za a nufa tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, abin da muke ɗura wa matan da hannunmu. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak, waɗanda ake sayarwa a kowane lungu, suna rage jinin da ke isa ƙoda. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2020 cewa shan su daga mako 20 na ciki yana iya taɓa ƙodar ɗan tayi ya rage ruwan da yake kwance a ciki. Ga kuma jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Ga kunun kanwa na jego. Tun cikin shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta. Kanwa gishiri ce. Macen da ƙodarta ke fama, jininta yana sama, a ba ta kwano guda na kanwa kullum safiya, wannan taimako ne ko ƙarin kaya? A tuna kuma jijjiga tana zuwa bayan haihuwa, ta fi yawa a kwana biyun farko, tana kuma iya zuwa har cikin makonnin wanka. Mai jego da ke kukan ciwon kai mai tsanani asibiti za a kai ta, ko da ranar suna ce.

RABON HUKUMA

Kada masu mulki su karanta wannan su ce ai laifin talakawa ne. Nasu rabon ya fi girma. Ƙididdigar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar ta nuna cewa a shekarar 2023 mata wajen 260,000 suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, wajen 75,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika wannan alkawari ba, galibi wajen kashi 5 take tsayawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mara lafiyar gaggawa bisa kowane dalili, amma wane ne a cikinmu bai taɓa jin an ce a ajiye kuɗi tukuna ba?

A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. A 2025 kuma aka ba da sanarwar rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin Tarayya. Madalla. Amma sanarwa a Abuja daban, abin da matar mai gadi za ta tarar da ƙarfe biyun dare daban. Muna son a liƙa sunayen asibitocin da sharuɗɗan a unguwanninmu da Hausa. Muna son kowane ƙaramin asibitin unguwa ya kasance da na'urar awon jini mai aiki, da tsinken gwajin fitsari, da allurar maganiziyam. Mai jegon da ƙodarta ta tsaya sau da yawa wanki 'yan kaɗan take bukata ƙodar ta farfaɗo. Abin kunya ne a bar ta ta mutu saboda kuɗin da bai kai na walimar rantsar da kansila ɗaya ba.

BAYAN AN SALLAME TA

Ko an tsira, magana ba ta ƙare ba. Wani bincike a ƙasar Norway da aka buga a 2008, a kan mata fiye da rabin miliyan, ya nuna waɗanda suka yi wannan hawan jini a cikin fari sun fi sauran haɗarin mutuwar ƙoda daga baya da ninki huɗu zuwa biyar, ko da yake waɗanda abin ke kai wa ga haka kaɗan ne. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana kusan ninkawa. Wani binciken a Denmark a 2018, a kan mata sama da miliyan ɗaya, ya nuna sun fi sauran kamuwa da ruɗewar tsufa irin ta lalacewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da wajen ninki uku. Saboda haka macen da ta taɓa yin wannan ciwo a riƙa auna jininta da fitsarinta kowace shekara. Idan ta sake samun ciki ta je awo da wuri ta faɗi tarihinta, domin akwai ƙaramar ƙwayar asfirin da ta kalsiyam da likita kan ba irinta don rigakafi. Idan ta dawo gida tana mantuwa ko jinkirin fahimta, a yi haƙuri da ita a koma da ita asibiti. Kada a ce ta zama sakarya, balle a yi mata kishiya da wannan hujja.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 kafin ta haihu. Maigida ya ba da izini tun yau, izini na dindindin, wanda ba sai an jira ya dawo daga Mile 12 ko Alaba Rago ba. Duk mai cikin da ta sami ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko ƙarancin fitsari, ko zubar jini, a tafi da ita a wannan sa'a. Idan ta faɗi tana jijjiga a kwantar da ita a gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, kada a sa mata komai a baki, kada a ɗura mata komai, kada a yi hayaƙi, a nemi mota. Idan likita ya ce sai an fitar da ɗa ko da wata bai cika ba, a sa hannu, domin fitar mabiyiya shi ne tushen warkewa.

Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da Idi-Araba da sauran zangonninmu, da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, da limamanmu, gare ku muke kuka. Mun iya tara kuɗi cikin sa'a ɗaya idan za a kai gawa gida. Ƙungiyar da ta iya wannan za ta iya ajiye asusun haihuwa, ta sayi na'urar awon jini, ta tanadi direba ɗaya da za a buga wa waya da dare, ta kuma rubuta sunayen matasan da za su ba da jini. Mai goron nan na Agege ya sayar da rumfarsa ya biya kuɗin wankin ƙoda, alhali awon da zai hana abin aukuwa bai kai ribar kwando ɗaya ba.

Mu dai namu faɗakarwa ne. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sauki matanmu lafiya, amin.